WANDA YA TSIRA DAGA DAJIN HUHU, KADA YA KARYE A TSAKAR GIDA

(Wannan shi ne cikakken jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu, ɗan kasuwar hatsi da riɗi, ya gabatar a wajen babban taronmu na nan garin Obi. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.)

 

 Muna miƙa gaisuwar ban girma ga Mai martaba Osuko na Obi, da maƙwabtanmu Alago da Migili da Eggon da Tibi, waɗanda kakanninmu suka zo fatauci suka tarar, aka zauna tare har yau. Allah Ya ƙara mana zaman lafiya, amin.

Kwamitin shirya wannan taro ya ɗora mana nauyin cewa wani abu game da lafiyar dattawanmu. To, mu dai 'yan kasuwa ne, iliminmu na allo ne da na Islamiyya. Abin da za mu faɗa mun tsinto shi ne a zaman jinyar 'yan'uwa, da bayanan da likitoci da ma'aikatan jinya suka yi mana, da abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wa kowa. Maganar kuwa a kan mutum ɗaya take: wanda Allah Ya jarrabe shi da ciwon dajin huhu, aka yi masa magani, Allah Ya tashi kafaɗunsa, ya dawo gida. Muna so mu nuna cewa wannan bawan Allah yana cikin wani haɗari da ba mu cika kula da shi ba, shi ne haɗarin faɗuwa.

Kowa a nan ya san yadda muke yi idan aka ce wani namu ya kamu da irin wannan ciwo. A zagaya da faifai a masallaci, a bi layin kasuwa, a sayar da gona ko bijimi, wani lokaci har da rumfar da mutum yake ci da iyalinsa. A ɗauke shi daga babban asibitin nan na Obi zuwa Lafiya, asibitin da muka fi sani da sunan Ɗalhatu Araf. Daga nan a bi ta Akwanga a wuce Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, ko Asibitin Ƙasa na Abuja, ko kuma Shika a Zariya. A yi wata da watanni ana kai da komowa. Ran da aka sallamo shi mu cika gidan, barka da arziki, Allah Ya ƙara sauƙi, a sha fura a watse. Daga nan shi ke nan, mun ɗauka jinya ta ƙare.

Jama'a, mu da muke fataucin riɗi mu tambayi kanmu. Idan ka yi lodin buhu ɗari daga nan za ka kai Dawanau a Kano, mota ta tsallake ramuka, ta tsallake ɓarayi, ta tsallake masu tare hanya, ta isa lafiya, ashe za ka jibge kayan a ƙofar sito ka tafi barci hadari ya haɗo? Ai babu mai yin haka. To haka muke yi da majinyatanmu. Mun kashe dukiya mun rako su har ƙofar gida, sai mu bar su ga santsin banɗaki.

WANE IRIN CIWO NE?

Ciwon dajin huhu, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, ba ƙaramin ciwo ba ne. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke ƙasar Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kimanin mutum miliyan 2.5 ne suka kamu da shi a duniya, kuma kimanin miliyan 1.8 suka rasu ta sanadinsa. Babu wani nau'in ciwon daji da ya kai shi kisa. Taba ita ce uwar tafiya, domin hukumar ta ce wajen kashi 85 cikin 100 na masu ciwon ta nan suka samo shi. Shi ya sa a shekarar 2015 Nijeriya ta kafa dokar taƙaita shan taba, wadda ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba. Amma kada mu ɗauka mashaya kaɗai yake kamawa. Wanda ke zaune kusa da mashayi yana shaƙa, haka iyayenmu mata da suka shekara talatin suna hura icce a cikin madafin da ba shi da taga.

Wani abin lura shi ne, wannan ciwo yana shigar burtu da kamannin tarin fuka: tari, rama, kakin jini, zufar dare. Saboda haka duk wanda tari ya wuce masa mako biyu ya je a gwada majinarsa, gwajin da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati. Wanda kuma aka ɗora shi a kan maganin ya yi ta sha babu alamar sauƙi, ya koma ya faɗa wa likita, a ƙara bincike. Wannan a taƙaice ke nan, domin ba shi ne maƙasudin tsayuwarmu ba.

Ita kuma faɗuwa, da muke ɗauka abin dariya ne ko tsautsayi kawai, ga abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2021. Kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara saboda faɗuwa. In ban da haɗarin mota, babu wani tsautsayi da ya kai ta cin rai. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mamata a ƙasashe irin namu suke, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa. Kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka kai shekara 65 yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Wannan fa lissafin tsofaffi ne gaba ɗaya, har da masu lafiya. To ina ga wanda aka yanke masa wani sashe na huhu, ko aka yi wata huɗu ana ɗura masa magani mai ƙarfi?

DALILAN DA KE KAYAR DA SHI

Mu kawo su ɗaya bayan ɗaya, domin wanda ya san inda rami yake ba ya afka masa.

Na farko, numfashi. Huhun dama kashi uku Allah Ya yi shi, na hagu kashi biyu. Idan aka yi aiki aka cire kashi ɗaya, ko aka haska na'ura aka ƙona wurin da cutar take, iskar da mutum ke ja ta ragu. Tafiyar da a da ba ta kai komai ba, kamar daga ɗaki zuwa zaure, yanzu sai ya yi haki. Mai haki kuwa hankalinsa na kan ƙirjinsa, ba ya kallon inda yake sa ƙafa.

Na biyu, mutuwar ƙafa. Wannan shi ne wanda muka fi jahilta. Magungunan da ake ɗurawa ta jijiya, waɗanda ake kira kemo, irin su sisfilatin da kabofilatin da fakilitaksel, suna kashe ƙwayar cutar, amma kuma suna taɓa ƙananan jijiyoyin yatsun hannu da na ƙafa. Sai mutum ya ji kamar ana tsira masa allura, ko tafin ƙafarsa ya yi masa kamar ya taka auduga. Mu da muke da lafiya, ƙafa ce ke gaya mana nan tudu ne, nan gangare ne, nan tsakuwa ce, ko da a cikin duhu. Shi ko wannan saƙon ya daina isa gare shi. Takalmi zai fice daga ƙafarsa bai sani ba. Wannan matsala takan ɗauki watanni bayan an gama magani, wani ma ta zauna masa. Shi sisfilatin har kunne yakan taɓa, a riƙa jin ƙara ko ji ya ragu. Masu shan maganin tarin fuka ma su saurara, domin ɗaya daga cikin ƙwayoyinsu, aisoniyazid, yakan kawo irin wannan mutuwar ƙafa, shi ya sa ake haɗa wa wasu da bitamin B6.

Na uku, zubewar tsoka. Kwanciya tana cin naman cinya fiye da yadda muke zato, mako biyu a gado ya isa dattijo ya ji ƙafafunsa sun zama ba nasa ba. Ga rashin cin abinci, ga ciwon kansa yana ramar da mutum. Akwai kuma wata ƙwaya da ake yawan ba su, deksametason, wadda idan aka daɗe ana sha takan raunana cinya da ƙashi. Alamarta ita ce mutum ya kasa miƙewa daga tabarma ko daga tsuguno sai ya dafa.

Na huɗu, jiri. Kemo yana rage jini, mai ƙarancin jini kuwa da ya miƙe da sauri sai ya ga duhu-duhu. Haka wanda amai ko zawo ya tsotse masa ruwan jiki, haka mai shan maganin hawan jini alhali ya rame, ƙwayar da ta dace da shi lokacin yana da ƙiba yanzu ta fi ƙarfinsa.

Na biyar, magungunan kashe zafi da na barci. Mofin da taramol da baliyam duk suna sa maye da layi. Idan likita ya rubuta, to da dalili, a sha yadda ya ce. Abin da muke roƙo shi ne a daina ƙara masa wasu daga kemis ko daga masu tallar magani a mota, a haɗa da jiƙe-jiƙe, kowane ɗan'uwa ya zo da nasa. Ran komawa asibiti a zuba duk abin da yake sha a leda, na Bature da na gargajiya, a ajiye gaban likita ya tantance.

Na shida, kuma shi ne mafi nauyi. Wannan ciwo yana da halin yin ƙaura, kuma wuraren da ya fi so su ne ƙashi da ƙwaƙwalwa da hanta. Idan ya sauka a ƙashi sai ya rarake shi kamar yadda gara ke yi wa azara, a waje lafiya lau, ɗan tuntuɓe kaɗan sai a ji ƙas. Idan ya sauka a ƙwaƙwalwa, alamar farko takan zama layi, ko jan ƙafa ɗaya, ko ciwon kai da amai da safe. Ke nan faɗuwar irin wannan mutum ba faɗuwa ce kawai ba, tana iya zama saƙo. Ko da bai ji ciwo ba, a sanar da likitansa.

A kan waɗannan sai a ɗora abin da tsufa ya zo da shi tun farko: yanar ido, ciwon suga, ciwon gwiwa, da yawan fitsarin dare.

INA AKE FAƊUWA?

Ba a kan titin Lafiya ake faɗuwa ba, jama'a, a cikin gidajenmu ne. Kowa ya rufe ido ya zagaya gidansa tare da mu.

Mu fara da banɗaki. Simintin ya sha sabulu, gansakuka ta yi kore, ba abin kamawa sai bango mai santsi. Masan kuwa na tsuguno ne. Mai raunin cinya ya tsuguna, ya yi yunƙurin miƙewa, jiri ya ɗebe shi, kuma ya sa sakata ta ciki saboda kunya. Waɗanda Allah Ya hore wa suka sa tayil, su sani tayil mai sheƙi idan ya jiƙe ya fi siminti mugunta.

Mu fito tsakar gida. Bakin rijiya kullum a jiƙe. Ga kwata, ga turmi, ga igiyar akuya, ga takalman yara a warwatse. Da damina kuwa, kun san yadda ruwan wannan yanki yake, ba irin na Katsina ko Sakkwato ba ne, tun daga watan Afrilu har Oktoba ƙasa ba ta bushewa sosai. Mu shiga ɗaki: dokin ƙofa mai tsawo, ledar ɗaki da ta naɗe a baki, darduma a kan tayil, wayar caji ta gitta hanya, katifa a ƙasa wadda sai an yi kokawa kafin a tashi daga kanta.

Sa'an nan lokaci. Mafi yawan abin da muka gani tsakanin tsakar dare ne da asuba, an ɗauke wuta, dattijo ya tashi fitsari ko alwala, ba ya so ya tashi kowa.

Da yawanmu a nan mun yi jana'izar wani abokin sana'armu da irin wannan ta faru da shi. An yi masa magani ya dawo har ya fara leƙowa kasuwa, muna murna. Wata asuba ya fita da buta, santsi ya kwashe shi a bakin rijiya, ƙashin kwatangwalo ya karye. Aka yi ɗori, ya kwanta mako uku, ƙirji ya cika, baya ya yi gyambo. Ko da aka kai shi asibiti, aikin gama ya gama. Murna ta koma ciki. Kwana ne ya ƙare, wannan haka yake, amma sanadin a gaban idonmu ya faru. Likitoci sun ce a cikin tsofaffin da suka karye a kwatangwalo, kamar ɗaya cikin huɗu ko biyar ba ya kai shekara. Ba karayar ce ke kisa ba, kwanciyar ce, musamman ga wanda dama huhunsa ba cikakke ba ne.

ADDINI BAI CE KA KAYAR DA KANKA BA

A nan muna neman izinin malamanmu, in mun yi tuntuɓe su gyara. Akwai dattawan da suke ganin yin salla a zaune gazawa ce, sai su dage su tsaya jiki na rawa, su yi ruku'u, su ɗago da sauri, jiri ya kwashe su a cikin sahu. To tun muna yara a Islamiyya aka karantar da mu a cikin Ahalari cewa sallar farilla tana da halaye bakwai: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sannan kwanciya ta gefen dama, ta gefen hagu, da rigingine. Wanda ya kasa na farko ya sauka na biyu, haka har ƙarshe, kuma sallarsa ta yi. Ya kuma tabbata a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya taɓa faɗowa daga kan doki ya ji ciwo a gefensa na dama, ya yi salla a zaune. To wane ne kai, wane ne mu?

Haka alwala. Ba dole sai an tsuguna a bakin kwata ba, a zauna a kujera a kawo buta da tasa. Wanda ruwa zai cutar da shi akwai taimama. Haka azumi, mara lafiya Allah Ya yi masa rangwame, ya tambayi likitansa ya tambayi malaminsa, kada ya kai la'asar jiki ba ruwa ya faɗi a hanyar masallaci. Tarawihi da tahajjudi ma a zaune suna yiwuwa. Fitar asuba cikin duhu kuwa, ko dai da ɗan rakiya da tocila, ko ya yi a gida har ƙarfi ya dawo.

Sai maganar sanda. Wai don kada a ce ya tsufa, sai ka ga mutum ya jingine kwagirinsa a bayan ƙofa ya fito yana bin bango. Haba Alhaji! Limami da sanda yake hawa mumbari, sarki da sanda yake fita, Bafulatani ba ya rabo da ita. Sanda ba ta rage wa kowa girma. Wanda ya ƙi riƙe ta yau, gobe a ɗauke shi ranga-ranga a tabarma, wanne ya fi zama abin kunya? A samo mai tsawon da ya kai wuyan hannu idan mutum ya tsaya ya saki hannunsa, a sa mata roba a gindi don kada ta zame.

ABIN DA KOWANE GIDA ZAI IYA

Ga gwaji mai sauƙi da ma'aikatan lafiya ke yi, kowa zai iya yin sa da agogon wayarsa. A zaunar da majinyaci a kujera mai hannu, a auna mita 3 a ja layi a ƙasa. Ya tashi, ya taka zuwa layin yadda ya saba tafiya, ya juyo, ya dawo ya zauna, wani na gefensa don tsaro. Idan ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin masu haɗarin faɗuwa. A kuma yi masa tambaya uku: Ka faɗi a cikin shekarar nan? Kana jin layi idan ka tsaya ko kana tafiya? Kana jin tsoron faɗuwa? In ya amsa da i ko da a guda ɗaya, a faɗa wa likita. Matan gida su suka fi sanin gaskiyar amsar, domin maigida ba ya son faɗa.

Gyaran gida kuwa ba ya kai kuɗin mota zuwa Abuja sau ɗaya. A kira mai walda ya kafa ƙarfen kamawa a banɗaki, ɗaya gefen masai, ɗaya wajen wanka. Kafinta ya huda kujerar katako mai ƙarfi a ɗora a kan masai, a daina tsuguno. Wanka a zaune. A kankare gansakuka duk mako, a cire sakatar ciki a koma yin gyaran murya. A ɗaga masa shimfiɗa zuwa gado wanda idan ya zauna tafin ƙafarsa zai taɓa ƙasa. A ajiye fitila mai caji a kan hanyar banɗaki ta kwana a kunne, da daddare kuma a ajiye masa fo ko wani mazubi a ɗaki. A raba shi da silifa, a saya masa takalmi mai maɗauri a dunduniya. Babbar riga da zani mai jan ƙasa a ɗan ɗage su. A kai shi a duba idonsa. Idan za a fita, acaɓa ba nasa ba ne yanzu.

Tashi kuma a mataki uku: ya farka ya ɗan jima, ya zauna a bakin gado kamar minti ɗaya yana motsa ƙafa, sannan ya miƙe ya tsaya kafin ya ɗaga ƙafa. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma fa a kiyaye, kada tsoron faɗuwa ya sa a ɗaure shi a ɗaki. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Iya zaman da ya yi, iya raunin da ƙafarsa za ta ƙara. Abin da ake so ya riƙa motsi kullum da ɗan rakiya: zagayen tsakar gida safe da yamma, tashi da zama daga kujera sau biyar ko goma, ɗaga dunduniya yana riƙe da bango. Idan haki ya taso ya tsaya ya huta, ya ja iska ta hanci ya fitar a hankali ta baki kamar mai hura koko. A manyan asibitoci akwai sashen gashi da motsa jiki, a roƙi likita ya tura shi can a koya masa. Abinci kuwa Allah Ya wadata ƙasar nan: wake, gyaɗa, riɗi, agushi, ƙwai, kifi, nono. A ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, ba a cika masa kwano da sakwara zalla ba. Da hunturu a rufe masa hanci saboda ƙura.

IDAN TA RIGA TA FARU

Idan ya faɗi, kada a rufar masa a ciccibe shi. A tsaya a tambaye shi inda ke ciwo. Idan ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, ko ya kasa taka ta, alamar karayar kwatangwalo ce, a sa shi a kan faffaɗan katako ko ƙyaure a nufi asibiti. Idan kansa ya bugu, ko da ya ce lafiya lau, a kai shi, balle in yana shan maganin tsinka jini, domin jini yakan taru a cikin kai a hankali. Idan kuma yana kukan ciwon baya mai tsanani, ƙafafu suka yi nauyi, ko fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba bai sani ba, wannan ba ya jiran wayewar gari, yana iya zama ciwon ne ya danne lakar baya, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya sa ƙafa ta tafi ke nan.

Masu ɗorin gargajiya muna girmama su, sana'ar gado ce, kuma sun taimaki al'umma. Amma ƙashin mai ciwon daji daban yake da na yaron da ya faɗo daga mangwaro. Ƙashin da ciwo ya rarake ba ya haɗewa da kara da tsumma, ja da murɗawa ma ƙara farfasa shi suke yi. A fara ɗaukar hoto tukuna.

SHAWARWARINMU GA ƘUNGIYA

Mai girma shugaba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna gabatar wa wannan zaure shawara biyar.

Ɗaya, kwamitin duba marasa lafiya ya ƙunshi magini da kafinta da mai walda daga cikin 'ya'yan ƙungiya, domin duk wanda za a sallamo daga doguwar jinya a je a duba gidansa kafin ya iso, ba bayan ya faɗi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Biyu, duk lokacin da aka yi karo-karon jinya a ware wani kaso a ajiye domin bayan sallama: gyaran banɗaki, sanda, fitila, da kuɗin motar komawa ganin likita.

Uku, ƙungiya ta sayi keken guragu ko biyu, da sanduna, da kujerun masai, a ajiye a ofis ana ba da aro, wanda ya warke ya dawo da su.

Huɗu, kowane masallacin unguwa ya kafa ƙarfen kamawa a matakala da wurin alwala, ya ajiye kujeru a ƙarshen sahu, limamai kuma su riƙa tunatar da hukuncin sallar mara lafiya.

Biyar, matasanmu su raba kwana a gidajen dattawan da 'ya'yansu ke Abuja ko Kano ko Legas, domin kada a bar tsohuwa ita kaɗai tana fama da ɗaga maigida cikin dare. Wannan ya haɗa da 'yan'uwanmu na Agyaragu da Daddare da Tudun Adabu da Agwatashi. Idan kuma maƙwabcinmu Alago ne ko Tibi ya buƙaci aron keken nan, a ba shi, haƙƙin maƙwabtaka bai san yare ba.

Mu baƙi ne da muka zama 'yan gari. Da yawanmu dangi suna nesa, ƙungiyar nan ita ce danginmu. Wanda ya tsaya mana a kasuwa shekara talatin, ya bi mu suna da biki da jana'iza, bai kamata ya tsallake wuƙar likita ya zo ya ƙare a bakin kwata ba, muna nan muna kallo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya saka wa masu jinya da alheri, musamman iyayenmu mata da ba sa runtsawa. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah Ya jiƙansu, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Allah Ya zaunar da Obi da Jihar Nasarawa da Nijeriya lafiya. Abin da muka faɗa daidai Allah Ya ba mu ladarsa baki ɗaya.